Hoton Magudana

Shekara talatin babana Labbo
yana buɗe ƙofofin ruwa a Bakolori.
Da ido yake gane magudanar da ta cushe
tun shinkafa ba ta fara rawaya ba.

Bana goro ya gagare shi.
Ya ɓara, ya tauna sau uku,
muƙamuƙi ya tsaya kamar jaki a gindin tudu.
Hula ma ta ƙulla gaba da shi,
in ta taɓa gefen goshi sai ya ce wash.
Muka ce haƙori ne. Muka ce hawan jini.
Mai kemis ya ce shawara.
Ran Laraba idon dama ya ɗauke,
ya dawo, kamar wutar unguwarmu.
Da asuba muka kama hanyar Gusau.

Ɗaki mai sanyi, labule a sauke.
Likita Rumasa'u ta shafa masa wani mai
daidai saman kunne,
ta ɗora kan na'ura tana lallaɓawa
kamar mai neman kaska a jikin ɗan maraƙi.

Allo ya yi toka-toka.
Can sai ga ja, siriri, yana bugawa,
baƙin zobe ya kewaye shi.
Ta danna, zoben bai ɓace ba.
Ta sake dannawa. Yana nan.

"Bangon jijiyar ne ya kumbura," in ji ta,
"da ƙyar jini ke kutsawa."

Ni dai tokar murhu kawai na gani.
Baba ya karkato, ya daɗe yana kallo.
"Wagga ai na san ta.
Gaɓa ta ci ciki, ruwa na kuka.
Gonar ƙarshe ita ka fara ƙonewa."

Likita ta ajiye na'ura.
"Gonar ƙarshen idonka ce, Baba.
Shi ya sa yau za mu fara magani,
ba sai an kai gobe ba."

A mota ya riƙe takardar hoton
da hannu biyu, bai yarda na naɗe ta ba.
Mun wuce Maru bai ce uffan ba.

Sati uku ke nan.
Ƙwayoyin sun kumbura masa kumatu,
barci ya yi ƙaura, yana mita.
Amma jiya na iske shi bakin magudana
da hula a ka,
yana nuna wa yara hoton:
"Ku duba nan. In kun bari ta yi haka,
ku kuka da kanku."
Akwai jan goro a leɓensa.