Tamanin da Huɗu

Na hannu na saye shi, a kasuwar Lahadi,
piyanon lantarki, baƙi, maɓalli biyu sun dushe.
Babu littafin bayani. Sai sunan wani yaro
da aka karce da ƙusa a bayansa: Tadeo.

Ba kiɗa na je saye ba.

Mahaifina Evaristo, shekara talatin da ɗaya
yana tuƙa akwatin ƙarfe mai hawa tudun Valparaíso,
yana ɗaga mutane da kwandunan kifinsu sama.
Yau daga gadonsa zuwa kicin taku goma sha tara ne,
amma ƙafarsa kan kafe a bakin ƙofa
kamar an zuba mata siminti.
Likita ta ce: ku ba shi bugun da zai bi,
wani lokaci kunne kan tuna wa ƙafa hanya.

Daren farko na ɗora shi a cinya,
na danne maɓallin saiti har ɗan gilashin ya yi kore.
Guntayen kalmomi, kamar amsar mai fushi.
Na shiga nan, na ɓullo can.
Na murɗa wani abu, duk muryoyin suka koma sarewa.
Na murɗa wani, ganguna suka ɓarke da ƙarfe biyun dare,
Doña Clorinda ta daki bango da sandar tsintsiya.
Matambayi ba ya ɓata, aka ce. To wa zan tambaya?

Can ƙarƙashin komai na same shi:
tak, tak, tak.

A ɗari da ashirin aka bar shi, gudun yaro.
Na sauko da shi sittin. Baba ya ce, "Jana'iza za mu?"
A casa'in da biyar ya yi tuntuɓe, ya cafki labule,
ya zagi labulen, ya zagi wanda ya ƙera abin.
Ƙararrawar bugun farko tana razana shi,
wai tana tuna masa ranar da birki ya ƙi.
Na lalubo ta, na cire.
Bugu huɗu-huɗu na mai da shi biyu-biyu,
tunda ƙafa biyu Allah ya ba shi.
Ƙarar kuwa: ta isa kicin, kada ta isa Clorinda.

Tamanin da huɗu.
Hagu. Dama.
Ya wuce hoton Mama bai tsaya ba,
ya tsallake bakin ƙofar nan, tsohuwar abokiyar gabarsa,
ya zauna, ya ce shayin ya huce.

Rana ta uku ina wanke-wanke, gidan ya yi tsit.
Na iske shi tsaye a tsakiyar hanya,
hannu ɗaya a iska, yana jira.
Ashe na'urar tana da hali:
in an yi rabin awa ba a taɓa ta ba
sai ta ɗauka babu kowa, ta yi barcinta.
Wanda ya tsara ta bai san da mai saurare da ƙafa ba.

Na sake shiga, hannuna da kumfar sabulu,
na hana ta barci har abada.
Na manna takarda: 84. Kada a taɓa.

Yanzu da safe, in zai gifta,
yakan sa yatsa a maɓallin ƙarshe, mai kaurin murya,
sau ɗaya,
ya ce wa falon da babu kowa,
"A riƙe ƙarfe, za mu tashi."