Tarkon Sukari

Tun asuba ba a ba Kawu Jibo ko shayi ba,
shi da ba ya kwance bakin buhun albasa
sai ya ga gindin kofi biyu.
Daga Ketu gosulo ya riƙe mu a kan gada,
kwandasta na lilo a ƙofar danfo
yana kiran Oshodi kamar yana bin ta bashi.
Ni kuwa idona na kan agogo,
don an ce maganin ba ya jiran kowa:
kafin awa biyu rabin ƙarfinsa ya tafi,
sai rabin rabin,
kamar ƙanƙara a tafin yaro.

Likita Oyelaran ta yi bautar ƙasa a Gusau.
Hausarta na ɗingishi, amma tana kai wa inda za ta.
Ta ce, Baba, sukari za mu sa a jijiya,
sukari mai goyon 'yar fitila.
Abin da muke nema makwaɗaici ne,
ya fi kowace tsoka haɗama,
zai riga kowa wawaso
ya haɗiye sukarin har da fitilar.
Kawu ya yi dariya har tari ya sarƙe shi:
Ashe ita ma cuta, kwaɗayi ne mabuɗin wahalarta.

Sai mai wuyar ta zo.
Awa guda a ɗaki mai duhu-duhu,
ba motsi, ba magana,
don harshe ma in ya yi aiki, sukari yake ci.
Mutumin da ya shekara talatin yana ciniki
da Yarabanci, da hannu, da gira,
wanda ko cikin barci cewa yake albarka!
Na leƙa ta gilashin ƙofa.
Babban yatsansa kaɗai ke tafiya,
gaɓa bayan gaɓa.

Na'urar farin zobe ce,
bakin rijiya da aka jingine a tsaye.
Gado ya zura shi ciki a hankali.

Da yamma ya bayyana a allo,
mutum na hayaƙi, yana juyawa ba ƙafa a ƙasa.
Na ga kansa jajir kamar garwashi,
gwiwata ta saki.
Ta ce, kwantar da hankali, ƙwaƙwalwa ce,
ita kullum cikin ci take.
Wannan zuciya, wannan mafitsara.
Sannan bakin bironta ya sauka
ƙasa da ƙashin wuya, ta dama:
ɗigo ɗaya, bai kai ƙwayar gyaɗa ba.
Ta bi hanta, ta bi ƙashin baya, ta bi ƙugu.
Duhu. Duhu. Duhu.
Ban taɓa murnar ɗauke wuta ba sai ranar.

Haske ba hukunci ba ne, in ji ta,
miki ma yana shan sukari.
Sai an tsakuro tsokar an duba.
Ta turo takarda: in ya yarda,
hotonsa zai shiga cikin na wasu ɗaruruwa,
a cire suna, a yi nazari,
ko a koyi kama ɓarawon tun yana bakin katanga.
Kawu ya ce, to, la'adata fa?
Ya sa hannu da ajami, daga dama,
ta juya takardar tana neman samanta.

An ce kada ya ɗauki yaro sai gobe.
Hajjo ta sheƙo da gudu daga matakala,
ya tare ta da tafin hannu daga nesa,
karo na farko tun da aka haife ta.
Ya zauna can ƙarshen baranda da kofinsa,
janaretocin unguwa na ta musu.
Ta tsaya a bakin ƙofa, yatsa a baki.
Kaka, wai da gaske kana haske?
Ya kurɓi shayin, ba sukari.
Ya ce, kashe fitilar ki gani.