Katanga Mai Tafiya

Ruwan la'asar ya ɗauke a Dandalin Murtala,
muka kore shi daga siminti da tsintsiyar kwakwa.
Kwandon gabas ba raga, na yamma ya sunkuya.
Koci Tanimu ya busa usur ɗinsa mai tsatsa,
ya ce, Haladu, kai dai tsaya.

Tsaya?
Ni da na taso tun daga Fanteka
da hujin tartsatsin walda a gaban riga,
na biya kuɗin keke har sau biyu
don a ce min tsaya?

Ya ce, tsayuwar ma sana'a ce.
Ware ƙafa kamar za a aza maka buhu,
harɗe hannu a ƙasan cibiya,
kada kafaɗa ta bi mutum, kada gwiwa ta leƙo.
Ka motsa, alƙali ya busa,
ƙwallo ta koma gidan maƙwabta.

Kefas ke riƙe da ita.
Gajere, ɗan Sabon Tasha,
kullum gada ce ta makarar da shi,
takalminsa na hagu ni na liƙe masa da narkakkiyar roba.
Ba ya kiran sunana.
Kunne kawai yake shafawa,
sai in baro gindin kwando in hauro,
in dasa kaina a gefen mai gadinsa.

Shi mai gadin idonsa na kan ƙwallo.
Kefas ya yi hagu kamar da gaske, ya karyo dama,
ya goge ni kafaɗa da kafaɗa,
ko allura ba ta samu hanya tsakaninmu ba.
Sai na ji gim a ƙirji:
mutum ya zo da gudu ya tarar da gini
a inda ɗazu fili ne.

Nan ne lissafin yake.
Su biyu, mu biyu, amma ɗayansu na manne da ni,
ɗayan kuwa dole ya zaɓa.
In ya tsaya a kaina, Kefas ya saki hannu daga nesa.
In ya taro Kefas, to bayansa ƙofa ce,
sai katanga ta tumɓuke kanta ta juya.

Wata guda ina juyawa a baibai.
Na ba ƙwallo baya, ta same ni a ƙeya,
har mai gyaɗar bakin waya ta sheƙe da dariya.
Koci ya ce, ƙirjinka ya bi ta,
kamar yadda ba ka juya wa wutar walda baya.
Ɗaga hannu, nuna masa inda zai ajiye.

Ranar da 'yan Kakuri suka zo,
saura daƙiƙa tara, suna gabanmu da ɗaya,
ya shafa kunne.
Na hauro, na tsaya, na sha gwiwar hannu a haƙarƙari,
su biyun suka ruga kansa,
na juya.
Ta daki ƙasa sau ɗaya, ta ratsa ƙafafu huɗu,
ta faɗo tafina da ɗuminta.
Taku biyu. Allo. Kwando.

A takardar maki an rubuta min biyu.
Tsayuwa goma sha bakwai da na yi a ranar
ba ta da gurbi a takarda,
sai a haƙarƙarina, inda Inna ta shafa man zafi
tana tambaya ko faɗa na yi.

Bana wata ƙungiya ta ɗauke Kefas zuwa kudu.
Sabon yaron, Mujittafa, hannunsa ya fi nasa kyau,
sai dai in ya zo wuce ni
yakan bar ratar da keke zai bi da fasinja.
Jiya na kama rigarsa na jawo shi jikina,
na ce, matso, ba na cizo.
Goge ni.
Sake.