Taku Bakwai Daga Darbejiya

A Marwa ruwa ba ya tafiya a fili.
Mayo Kaliyawo yashi ne wata tara,
yara na buga ƙwallo a cikinsa,
ruwan gari kuwa yana bin ƙarƙashin ƙafafunmu
cikin bututun da suka girme ni.

Shekara talatin da ɗaya
taswirar garin nan tana cikin kan Tsalha.
In Domayo ta kwana ba ɗigo,
shi ake tasa.
Ya zo da kekensa da sandar ƙarfensa,
ya dubi bango, ya dubi itace,
ya ce, haƙa nan.
Mu haƙa. Ga makullin ruwa.

Sai bara ofis ya raba mana wayoyi.
Astajam, wadda ta karanto safiyo,
ta ce taswirar ba a wayar take kwana ba,
tana cikin gajimare.
Tsalha ya ɗaga kai. Watan Maris ne,
sama fes kamar ƙwaryar da aka wanke aka kife.
Ya ce, to Allah ya sa ta sauko da ruwa.

Mun yi dariya, amma ta sauko.
Shuɗin zare ya ratsa kowane lungu.
Wata tsohuwa ta kai kuka daga Dugoi,
kafin in shanye shayina
jan ɗigonta na ƙyaftawa a aljihuna.

Wata Laraba bututu ya fashe bayan kasuwa.
Waya ta ce makullin
na ƙarƙashin teburin Nyako mai tsire.
Muka ɗage tebur, muka haƙa har ƙugu:
gwangwani, tsohon silifa, saiwa.
Nyako yana ƙirga asararsa da ƙarfi don mu ji.
Rezo ya ɗauke, ya dawo,
ya nace, nan ne.

Tsalha na zaune kan bokiti da kumburarriyar ƙafa,
bai ce uffan ba sai da gumi ya gama da mu.
Sannan ya miƙe,
ya jingina bayansa da darbejiya,
ya taka yana ƙirga da Fillanci,
go'o, ɗiɗi, tati,
a na bakwai ya soka sanda.
Ƙarfe ya amsa wa ƙarfe.

Astajam ba ta tsaya jin kunya ba.
Ta durƙusa cikin taɓo,
ta ja ɗigon da ɗan yatsa zuwa inda sandar take,
ta rubuta a ƙasansa:
taku bakwai daga darbejiya, in ji Tsalha.
Nan take wayar Hamagabdo can Pitoware ta gyaru,
haka ta ofis,
haka ta wanda ba a ɗauka aiki ba tukuna.

Daga ranar, kullum la'asar
tana goya shi a babur unguwa-unguwa,
shi yana nuni da haɓa, ita tana dasa ɗigo,
kamar masu kwashe gero
daga rumbun da ya fara tsagewa.
Ɗari huɗu da sha biyu suka kwashe.
Saura arewacin Kakatare ƙafar ta hana.
Can, har gobe, da addu'a muke haƙa.

Bayan ƙaramar salla muka kai shi makwanci.
Masu faɗaɗa hanya suka sare darbejiyar da damina.

Daren jiya ni aka tasa.
Na tsaya, fitila a goshi,
inda babu itace, babu Nyako, babu shi.
Na buɗe waya. Ɗigon na nan, rubutun na nan.
Ba na bukatar ƙirga,
amma na ja da baya
har inda kwalta ta rufe kututturen,
na taka.

Ƙafata ta fi tasa tsawo.
Shida da rabi na samu.

Ban gyara ba.