Rubutun Baibai

Da masaƙar Kakuri ta yi shiru,
Baba ya dawo gida da abu biyu:
tari, da hannun da ya saba da zane.
Shekara ashirin yana ɗora furanni kan atamfa,
sai ga shi gindin dalbejiya, daura da gidan waya,
yana fere roba da guntuwar reza,
yana yi wa 'yan kwangila hatimi.

Ni ce mai riƙe masa madubi.
"Hatimi ba ya magana sai an kife shi," in ji shi.
"In kina so takarda ta ce barka,
ke daga wutsiya za ki faro."
Silifa uku na ɓata
kafin ƙugiyar ƙa ta kalli inda ya kamata.

Yau gwangwaninsa ne a gabana,
na madara, mai tsatsa a murfi.
Ciki akwai jinjirin wata, da tattabara,
da reshen zogale,
da wani SANNU da bakin S ɗinsa ya gutsire.
Kwali daga Kasuwar Barci,
ƙyallaye daga ƙarƙashin keken Ɗanliti tela,
almakashin Inna, wanda ba ta san na ɗauka ba.

Tawada gishiri ce.
Ta yi yawa, tattabara ta koma tabo,
ta yi kaɗan, ta tashi da fiffike ɗaya.
A danna, a ƙirga uku, kada a waiga,
a ɗaga kamar ana cire hannu daga goshin mai barci.

Ƙanena Zilkiflu yana dariya:
"Wa ke aika kati yanzu? Waya ta cinye kasuwarki."
Ban tanka ba.
Jiya wata nas ta sayi shida, na masu barin gadon asibiti.
Wani soja ya ce a bar masa ciki fari,
shi zai rubuta,
ya daɗe tsaye da biro a hannu
sannan ya biya ya tafi da shi haka.
Saƙon waya ba a tsintarsa ƙasan akwati
bayan shekara goma, yana ƙamshin turaren mai shi.

Can ƙasan gwangwanin akwai kada.
Baba ya fere biyu rana ɗaya,
daga silifana da ya tsinke:
ƙafar dama tawa,
ƙafar hagu ta Rifkatu, 'yar ɗakin da ke kallon namu.
Shekarar da gari ya hautsine
motarsu ta yi Sabon Tasha,
tamu ta haye gada zuwa Tudun Wada.
Ba wanda ya yi sallama,
kowa na ƙirga kan 'ya'yansa.

Duk Disamba nakan zaɓi kwali mafi kauri,
in yanka tauraro daga jan ƙyalle,
in danna kadana a kusurwa, shuɗi,
in ba direban bas da ɗari biyu na ruwa.
Duk ƙaramar Sallah nata kan iso,
gam ya yi yawa, kamar kullum,
watan ya karkace,
amma kadan na nan, kore,
haƙori ɗaya ya fita, sai ka ce murmushi yake.

Nawa gabas yake kallo, nata yamma.
Sai da na jera su kan tabarma bara
na ga ashe juna suke kallo.
Ko Baba ya nufa, ko silifa ne ya ga dama,
babu wanda zan tambaya.

An ɗauke wuta.
Saura kati goma sha ɗaya na bikin sunan Asabar.
Daga madafa Inna na kira,
wai wa ya bar shuɗin yatsa a jikin malmalar tuwo,
kuma ina almakashinta.