Bazararsu da Tamu

Mujittaba ya ce bazara ta shigo musu.
Na duba wayar, ga shi cikin kwat har wuya,
hucin bakinsa na tashi kamar an yayyafa wa murhu ruwa.
Na ce, ɗan nan, wace irin bazara ce haka?
Mu nan Tudun Wada tun hantsi randa ke yin ɗumi,
ƙadangaru sun bar katanga
sun koma gindin rijiya suna haki.

Ya ce, Inna, da safe rana, la'asar yayyafi,
dare sai bargo biyu.
Ƙarshen Maris za a ba mu takardar.
Ki zo ki gan ni,
ki ga itatuwan da duk Japan ke zaman jiran furensu.

Na yafa mayafi na hau keke zuwa PZ.
Yarinyar ofishin, Sahura, ni na koyar da ita a aji uku.
Ita da jadawalin bakwai ya gagara,
yau ita ke yi mini lissafi.
Ta juyo allon, ta ɗora farce.
Na ƙirga sifilai,
na cire tabarau na goge da bakin zane,
na sake ƙirgawa. Ba su ragu ba.

Malama, lokacin furen ne, in ji ta,
duniya duk can ta nufa.
Masaukin da in kin miƙe ƙafa sai ta taɓa bango
tun watan jiya aka kame.
Da za ki jira Yuni, zai sauko.

Yuni in je in ga wa?

A hanya na auna fansho, na ɗora adashi,
na ɗora ɗan filin Dakace da mahaifinsa ya bari.
Nan na sauke filin.
Mai keke ya ƙara mini ɗari biyu, wai mai ya hau,
na tsaya muka yi ta yi kamar a kansa jirgin ya tashi ya bar ni.

Ranar, ina sallame Asuba wayar ta yi ƙara.
Su can rana ta raba.
Kai a kan kai, kamar kasuwar Sabon Gari jajibirin Salla,
sai dai ba mai ture wani, ba mai taya kaya.
Kowa ya ɗaga waya sama
yana wa reshe ɗaya gaisuwa.
Furen fari-fari, kamar auduga ta sha ɗaurayen zoɓo.
Ya ce mako guda yake yi ya zube.
Takardar na hannunsa cikin leda saboda yayyafi.
Na yi guɗa ni kaɗai,
har kajin Uwani suka watse.

Jiya a hanyar Shika na tsayar da mota
don wata ɗorawa da ta sako jajayen tuntaye,
ba kowa gindinta sai ƙudan zuma.
Shekara sittin ina wuce irinta.
Na ɗauka na aika,
rabin hoton babban yatsana ne.

Can dare ya amsa:
Inna, in kalwa ta fito
a ajiye mini daddawa.