Jakar da Ba Baduku Ya Ɗinka Ba

Shekara arba'in ina bakin kasuwar Sakkwato,
ina yankan jar fatar akuya, basilla tana cin yatsana.
Na ɗauka babu sauran jakar da za ta ba ni mamaki,
sai ɗiyata Kulu ta dawo daga jami'a da la'asar,
ta aje waya bisa gwiwata:
Baba, wa ya ɗinka wagga?

Na kusanto da ido. Kusurwa huɗu, kowace da ƙaho,
ba zare, ba huda, ba inda wuƙa ta bi.

Ta ce ƙwan kifi ne.
Uwarsa faifai ce mai bindi, fara kamar alli,
ba ta da ƙashi ko ɗaya, guringuntsi ke riƙe da ita.
Bakinta na ƙasa, tana sharar laka da cikinta,
ta ja ruwa ta kafofi biyu a bayan idanunta.
Can take inda guga dubu ba za su taɓa ba,
inda rana ba ta taɓa aika ko ɗan saƙo ba,
sanyin wurin ya fi randar da ta kwana waje.

To ina take samun ɗumin ƙyanƙyasa?
Kulu ta yi dariya.
Akwai dutse mai huci a ƙasan teku, in ji ta,
gefensa uwar ke zuba jakunkunanta, ta yi gaba.
Shekara huɗu ɗan yana ciki yana cin gwaiduwa,
babu mai leƙa shi.

Shekara huɗu!
Daidai da zamanki a jami'a, na ce,
ni kuwa kullum sai na leƙa.

Da dare na tuna Modi mai fasa dutse a Kalambaina,
ya taɓa kawo mini haƙorin kifi cikin farar ƙasa,
ya rantse teku ta taɓa kwana inda muke shan rana.
Na yi masa dariya a lokacin.

Yau da hantsi na yanki fata, na fitar da ƙaho huɗu.
Na ɓoye ɗinkin iya ƙoƙarina.
Har yanzu ana ganinsa.